Abin da Bango Ke Faɗa Kafin Ya Faɗi

Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba. Ƙanƙarar da na sani ita ce wadda akan yi ruwa da ita jefi-jefi a farkon damina, mu fita da gudu muna yara muna tsinta, sai kuma wadda masu sayar da lemo ke fasawa da guduma a bakin kasuwar Sabon Gari. Saboda haka, ranar da malaminmu na labarin ƙasa a Jami'ar Bayero ya kwashe awa biyu yana bayanin yadda dusar ƙanƙara ke zaftarowa daga kan tsauni ta binne mutane, dariya muka riƙa yi ƙasa-ƙasa. A watan Afrilu ne, gumi na ɗiga a kan takardunmu. Na rubuta abin da ya faɗa, na ci jarrabawa, na manta. Ban san darasin zai biyo ni har gida Kwaciri, ya tarar da ni a gindin bangon ɗakin kakata ba.

Gidanmu ginin ƙasa ne. Kakana ya gina shi tun ana ce wa wajen bayan gari, kafin unguwar ta cika ta batse. Da tubali aka yi shi, irin wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, sannan a jera a cike tsakaninsa da laka da aka kwaɓa da ramno. Gindin bangon ya kai kamu biyu a kauri, yana hawa yana sirancewa. Rufin soro ne na azara, indararonsa na zuba a lungu. Duk shekara, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, akan kira magini ya sake yaɓe, ya shafe da makuba don kada ruwa ya kama. Da ƙasar nan aka fara gina badalar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, kimanin shekara 900 da suka wuce, da ita aka gina Gidan Rumfa da Gidan Makama. Ginin ƙasa yana daɗewa, amma sai ana leƙa shi kamar yadda ake leƙa tsoho. Da kakana ya rasu, leƙen ya yi ƙaranci. Yaɓen shekara-shekara ya koma na bayan shekara uku, daga nan aka daina lissafi.

Ni kuwa na tashi ina jin kunyar bangon nan. Gidajen da ke kewaye da mu duk sun koma na bulo, namu ne kaɗai ja a layin, ruwa ya zana masa kwari-kwari kamar fuskar dattijo. Ban taɓa yarda abokan karatuna sun rako ni har ƙofa ba. A bakin titi nake sallamarsu. Da na gama hidimar ƙasa a 2023, na dawo da ɗan abin da na tara daga alawus, abin da na fara saye shi ne siminti. Na sa aka yi wa bangon gabas filasta ciki da waje, wanda shi ne bayan ɗakin Kaka, aka shafa masa shuɗin fenti.

Mutum ɗaya ne bai yi mini barka ba, wani tsoho da duk unguwa ke kira Baba Magini, wanda yana yaro ya miƙa wa ubansa tubali a ginin gidanmu. Ya tsaya yana kallon masu aikin, ya ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin wanda ya sa rigar leda a bazara? Bangon ƙasa numfashi yake yi. In ya sha ruwa, ta jikinsa yake fitar da shi. Ka toshe masa jiki."

Na ce, "Baba, zamani ne ya zo da haka."

Ya ce, "To, Allah ya sa zamanin ya san da ruwa." Ya ja sandarsa ya wuce. Ni ma na wuce, ina ganin tsoho ne da siminti ya kashe wa kasuwa.

Damina biyu suka zo suka wuce, bango na nan sumul. A ƙarshen watan Mayun 2025, ina zaune a shagon da nake riƙe wa wani ɗan kasuwa lissafi a Sabon Gari, na ga wani bidiyo a wayata. Wani ƙauye ne mai suna Blatten, a cikin tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan. Duwatsu sun yi kwanaki suna gangarowa daga tsauni suna taruwa a kan wata daskararriyar ƙanƙara, har ranar 28 ga watan ta kasa ɗauka, ta ɓalle, ta binne kusan dukkan ƙauyen cikin ɗan lokaci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutanen garin, kimanin 300, an riga an kwashe su da dabbobinsu fiye da mako guda kafin nan. Mutum ɗaya ne ya rasa ransa. Wasu sun duba tsaunin, sun ji abin da yake faɗa, an kuma saurare su.

A daren nan na tono tsohon littafina na jami'a, na bi shi da karatu a intanet har aka yi kiran assalatu. Ashe dusar da ke kan tsauni hawa-hawa take, kamar shafukan littafi. Kowace zuba tana barin nata shafi. Wani shafin yakan daskare ya yi tauri, wani kuma ƙwayoyinsa su zama kamar sukari, ba sa kama juna. Idan shafi mai tauri ya hau kan mai rauni, a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, an haɗa tarko, kuma wanda ya kalle shi daga sama fari fat zai gani, lafiya lau. Idan sanyi ya fara janyewa a watannin Maris da Afrilu, rana takan narkar da saman, ruwan ya tsiyaya ciki har ya isa shafin mai rauni, ya warware ɗan riƙon da ya rage. Abin da ke ceton tsaunin shi ne dare. In sama ta yi garau, sanyi ya sauko, dusar ta sake daskarewa ta samu ƙarfin kai safiya. In kuwa gajimare ya rufe, dare ya yi ɗumi, ba ta daskare ba, to gari zai waye mata da gajiyar jiya. Shi ya sa masu hawan tsauni a wannan lokaci suke sammako, su sauko kafin rana ta take, kuma da zarar ƙafa ta fara nutsewa a jiƙaƙƙiyar dusa, sai su juya. Masana cikinsu sukan haƙa rami su duba shafukan ɗaya bayan ɗaya, su yanki wani sashe su ɗora shebur a kai, su buga sau goma da motsin wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa, su ga a bugu na nawa zai tsage. Na rufe littafin ina mamakin mutanen da ke ƙwanƙwasa tsauni kamar ƙofa. Bangon da nake jingine da shi bai zo mini a rai ba.

Marka ta kankama a watan Agusta. Kwana biyar aka yi ana yayyafi, a ɗauke, a dawo, rana ba ta leƙo ba. Tabarmi suka yi danshi, ashana ta ƙi kamawa. A rana ta biyar Kaka ta ce mini, "Kai maigida, kana cin tuwona kana kallon ƙofata tana cijewa? Zo ka fere ta." Na je da niyyar fere ƙofa. Da na duba sai na ga katakon bai kumbura ba, dokin ƙofar ne ya karkace. Daga kusurwarsa wata tsaga siririya kamar zare ta tafi a karkace har kusa da azara. A gindin bango, bayan gadon Kaka, fenti ya yi ƙuraje, wani farin gishiri-gishiri ya tsatso. Ɗakin na warin rijiya. Gabana ya faɗi. Na ɗauki lema na nufi gidan Baba Magini, ina tsara yadda zan ba shi haƙuri.

Bai bar ni na gama ba. Ya ce, "Ɗauko mini ƙusa mai tsawo da fitila."

Ya fara daga waje. Ya manna kunnensa a bango, ya riƙa ƙwanƙwasawa da bayan yatsa daga iya tsayinsa yana saukowa. A sama sautin a dunƙule yake. Da ya zo daidai ƙugu sai sautin ya sauya, ya koma na ƙwarya da aka kifa. Ya ce, "Ka ji? Rigarka ta rabu da jiki." Ya durƙusa da ƙyar, ya fasa filastar da dutse wajen faɗin tafin hannu, ya kafa ƙusar ya tura da babban yatsa. Ta shige har kai, kamar a malmalar tuwo. Ya zaro ta ya shinshina, ya miƙo mini. A lokacin ne shafukan littafina suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya: ga ɓawo mai tauri a sama, ga ruɓaɓɓen shafi a ƙasa, ga ruwa a tsakani, ga kuma tsoho ya haƙa raminsa yana karantawa.

Ya nuna mini hanyoyi uku da ruwan ya bi. Na farko daga sama: leda da ganye sun toshe indararo, ruwa ya kwanta a soro ya bi ta bakin filasta. Na biyu daga gefe: ruwan Kano daga gabas yake zuwa da iskarsa, bangon gabas ne ke shan duka, kuma siminti ba ya kama ƙasa, kowanne da yadda yake motsi da zafi da sanyi, dole ya tsage, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle ruwa. Na uku daga ƙasa, kuma shi ya fi damunsa. Kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin unguwar, wanda a da shi ke shanye ruwan lungunanmu, an cike shi da shara an yi gini a kai, kamar yadda aka yi wa kududdufai da dama a Kano. Kowa kuma ya yi ciko a ƙofar gidansa, har lungu ya fi daɓen ɗakunanmu tudu. Ruwa ya rasa wurin zuwa, ya kwanta a gindin bango, ƙasa na tsotsarsa kamar lagwani.

Ya ce, "Ruwa mai ƙarfi na awa guda bai cika kayar da gini ba. Wannan na marka shi ne mugun. In rana ta fito tsakanin ruwa biyu, bango ya huta ya sha iska. Yau kwana biyar bai huta ba, ga shi ka ɗaure masa baki. Kuma ba lallai ana ruwa zai faɗi ba, ya fi son bayan an ɗauke, mutane sun saki jiki."

Na ce, "Baba, yaushe?"

Ya ce, "Wannan sai Allah. Ni abin da na sani, kada kowa ya sake kwana a ɗakin nan. Lungun ma a tare shi."

Na ɗauka karatun bango shi ne mai wuya. Ashe shawo kan mutane ya fi shi. Mahaifina ya saurare ni, ya ce, "Bangon nan ya girme ni. Markar da ta fi wannan ya gani." Na tuna abin da na karanta: a Turai, tun 1993 aka daidaita ma'aunin haɗarin zaftarewar dusa zuwa mataki biyar, kuma cibiyar da ke garin Davos takan fitar da sanarwa safe da yamma a lokacin sanyi. Kaso mafi girma na masu mutuwa a mataki na uku suke mutuwa, domin a na biyar kowa ya tsorata ya zauna a gida, a na uku kuwa tsauni na kama da lafiyayye. Yawancinsu su da kansu ko abokan tafiyarsu ne ke tayar da dusar da ke binne su, sau da yawa a gangaren da suka saba bi suna dawowa lafiya. Maganar mahaifina irin tasu ce, kuma ni ma da ita na rayu damina biyu: jiya bai faɗi ba.

Kaka ta fi shi tauri. Ta ce, "A ɗakin nan na haifi ubanka, a nan aka yi wa kakanka wanka. In kwana ya ƙare, ko a bene nake sai na tafi. Kai dai ka gaji da ni, kana son ka yi amarya a ɗakina."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na kawo digiri, na kawo Suwizalan, na kawo Baba Magini, duk ta kakkaɓe. Can idona ya faɗa kan 'yar ƙanwata mai shekara shida, wadda tun da aka yaye ta a bayan Kaka take kwana, ta jikin bango. Na ce, "Kaka, ke kin ce kin ci zamaninki. Wannan fa da ke kwana a bayanki?"

Ta yi shiru. Ta dubi yarinyar, ta dubi tsagar. Ta ce, "Ɗauko mini carbina da akwatin nan na ƙarƙashin gado. Kada ka fasa mini kwalla." Kafin magariba mun mayar da ita ɗakin mahaifiyata.

Saura lungu. A nan ne na gaza, kuma saboda shi nake wannan rubutu. Tare lungu yana nufin in shiga gida-gida in ce shuɗin bangon da na yi taƙama da shi ruɓaɓɓe ne, in je wurin mai unguwa, in gaya wa malamin makarantar allo ya sauya wa almajiransa hanya. Kunya ta hana ni. Na samo wani guntun katako na gitta a bakin lungun, na danne da dutse, na ce wa kaina na fita haƙƙi. Kafin isha'i wani ya ɗauke katakon, wataƙila ya hura wuta da shi. Na gani, na ce da safe zan sake. Da safe na tafi shago.

Kwana biyu bayan nan ruwa ya ɗauke. A dare na uku taurari suka fito, mahaifina har ya fara tsokanata da cewa ɗan boko ya tayar da tsohuwa a banza. Gab da asuba muka ji wata ƙara mai nauyi, ƙasa ta girgiza, ƙura ta cika tsakar gida. Bangon gabas ya kwanta cikin lungu, ya ja rabin soron ɗakin Kaka, azara biyu suka faɗa daidai inda gadonta yake a da. Mahaifiyata na salati, Kaka na rungume da yarinyar ba ta ce komai ba.

Da muka fita da fitila, sai muka ga taya a ƙarƙashin tarin ƙasa. Akwai wani ɗan garuwa da ke jingine kurarsa a gindin bangonmu kowane dare, da jarkokinsa goma sha biyu, kuma a bazara a gefenta yake shimfiɗa kwalinsa ya kwanta. Na fi shekara ina wuce shi ina amsa gaisuwarsa. Muka hau tono da hannu muna kiransa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, sai ga shi ya fito daga wajen masallaci, inda danshi ya kore shi ya koma kwana. Ya tsaya yana kallon kurar da ta lanƙwashe, wadda haya yake biya a kanta kullum, ya ce, "Alhamdu lillahi da ba na ciki." Ba da jimawa ba almajirai suka fara zuwa za su wuce da allunansu, suka tarar hanya ta toshe. Filastata tana kwance a saman tarin, falle-falle, shuɗin fentinta ko kwarzane bai yi ba.

Na karanta bangon daidai, amma na karanta shi ne don na cikin gida kawai. Masu nazarin tsauni ba sa tsayawa a kan inda dusa za ta ɓalle, sai sun bi ta da ido har inda za ta tsaya, sun ga wa ke can. Baba Magini ma ya faɗa mini hakan da kalma biyar. Allah ne ya rufa mini asiri, ba dabarata ba. Na sayar da wayata na haɗa da albashin wata na biya kuɗin kurar, kuma har yau ban iya haɗa ido da mutumin nan sosai ba.

Tun daga ranar nake kallon birnin nan da wani ido. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumomin agajin gaggawa suna gargaɗi a rediyo cewa a yashe magudanai. Gargaɗin yana da amfani, sai dai na jiha ne da ƙaramar hukuma, alhali bango ɗai-ɗai yake faɗuwa. Siminti ma bai tsira ba: benen da ya rufta a titin Beirut a ƙarshen Agustan 2022 ba da tubali aka gina shi ba. Masu kunnen jin bango kuwa suna ta tafiya. Baba Magini ya haura saba'in, 'ya'yansa duk direbobin adaidaita sahu ne, ba wanda ya gaji ƙusarsa.

Bana, tun watan Afrilu, na roƙe shi ya riƙa tafiya da ni. Ranar Lahadi da safe mukan zaga gidajen ƙasa da suka rage a unguwar, shi da sandarsa, ni da littafi. Yana ƙwanƙwasawa ina rubutawa: wannan a buɗe masa indararo, wannan a kankare filasta a yaɓe, wannan a tokare, wannan a fita. Kalmar ƙarshen nan ce ke yi mini nauyi a alƙalami. Mutanen Blatten da aka ce su fita, akwai inda aka kai su. A wani gida mun tarar da wata mata da mijinta ya rasu, da 'ya'ya biyar a ɗaki guda na haya, bangon gabas yana amsawa kamar ƙwarya. Na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har na gama, ta ce, "Malam, na riga ka sani, ni nake kwana a jikinsa. To ina za mu?"

Ba ni da amsa, littafina ma ba shi da ita. Baba ne ya ce a kawo azarori biyu daga ragowar ɗakin Kaka. Muka tokare bangon, muka haƙa 'yar kwata ta janye ruwa daga gindinsa, muka mayar da tabarmar yaran jikin bangon yamma. Daga nan na wuce gidan mai unguwa da ƙafata, na gaya masa komai, na kuma bi maƙwabta ɗaya-ɗaya, har da mai shayin da ke kafa teburinsa a bayan ɗakin. Liman ya yi alkawarin yin magana bayan sallar isha'i ko za a samu mai ɗakin da ba kowa, kafin marka ta zo.

Da za mu tafi, Baba ya kasa durƙusawa a gindin bango na gaba, gwiwarsa ta ƙi. Ya laluba aljihu ya miƙo mini ƙusar, ya ce, "Sa kunnenka, ɗan nan. Fara daga sama."